Baba Maigadi Ya Jingine Rodi

Baba Maigadi ba shi da mota, amma yana da tsohon ƙarfen tayar mota, rataye a bishiyar tsakar makaranta. Shi ne ƙararrawa. Tun gemunsa na baƙi yake dukan ƙarfen nan, kuma in ya ɗaga rodi sai ka rantse ƙarfen ya taɓa zagin mahaifinsa.

Ana nan sai aka kawo Auta aji biyu, yaron da ba ya magana, ba ya kuma jure ƙara. Ranar farko da Baba ya maka wa ƙarfe rodi, Auta ya toshe kunnuwa, ya kifar da benci, ya gantsara wa malamar aji cizo a hannu. Kashegari ma haka. Malama ta fara zuwa aiki da safar hannu.

Hedimasta ya ce, "Baba, duk inda aka kai yaron nan korar sa ake yi. In ya ƙara cizo, mu ma sai haƙuri."

"To, ranka ya daɗe, a toshe masa kunne mana."

"Ko kuma kai a ɗaure maka hannu."

Baba ya ji kamar an ce ya aske gemu. Amma da aka tashi, ya ga uwar Auta a bakin ƙofa tana ba kowa haƙuri, har shi da ba a ciza ba. Tausayinta ya kama shi.

Washegari ya jingine rodi. Da lokacin fita tara ya yi, ya bi tagogi yana kaɗa hula. Ko kallo bai samu ba. Ya haɗa da tsalle. Malamin lissafi ya leƙo ya ce, "Subhanallahi! Baba, kunama ce?" Ranar dai yunwa ce ta tashi yara.

Haka ya yi ta fama, tsoho da rawar dole. Mutum ɗaya ne hular ba ta taɓa wuce shi ba, Auta. Yana hango ta sai ya miƙe, ya kama hannun Malama, hannun nan da ya sha cizo, ya ja ta zuwa ƙofa. In aji biyu suka fito, sauran azuzuwa sai su biyo.

Yau tsatsa ta cinye ƙarfen, rodin kuma matar Baba na tone murhu da shi. Na tambayi Baba ko yana kewar ƙararrawarsa.

Ya ce, "Kewa kamar in yi kuka, wallahi. Amma yaron yana aji biyar."