Farar Rigar da Ta Kusa Hana Baba Zuwa Makka

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a shekarar Baba ya samu kujerar Makka. Muna ta murna a gida, shi kuwa ya tashi wata safiya ya ce ba inda za shi. Wai akwai amana a wuyansa, ba zai tsaya gaban ɗakin Allah da kayan wani a ƙarƙashin gadonsa ba.

Kowa a gidan ya san amanar. Baba mai wanki da guga ne a unguwar Makera a Kaduna. Shekaru da dama kafin nan wani baƙo ya kawo masa farar riga mai maɓallai ruwan zinariya da ado a kafaɗa, da wando, da hula mai baki. Kafin ranar karɓa aka yi juyin mulki, gari ya rikice, mutumin bai sake dawowa ba. Mu kuma muka yanke hukunci cewa kakin wani babban soja ne. A zamanin nan, a kama ka da kaki a ɗaki ba kai soja ba, ai ka shiga uku. Inna ta sha cewa a ƙona shi kowa ya huta, Baba ya ƙi. Ya naɗe shi a tsohon zane ya tura can ƙasan akwatin ƙarfe, lokaci-lokaci ya kulle ƙofa ya ciro shi ya goge.

Ni na fi kowa hasala. Na ce, "Haba Baba! Jirgi ya kusa tashi, ka ce rigar mutumin da ba mu san ko yana raye ba ita za ta hana ka?"

Ya ce, "Kai da bakinka ya fi ƙarfinka, ai sojojin sun koma bariki. Je ka nemo min mai ita."

Na fita ina ƙunƙuni. A lokacin ina aiki a masaƙa a Kakuri, mai gadin ƙofarmu kuma tsohon soja ne. Na ɗaure ƙunshin a bayan keke, ina tafe ina waige-waige. Na ja dattijon bayan ɗakin gadi na kwance masa. Ya kai maɓalli ɗaya kusa da idonsa, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Wane soja? Wannan kayan ma'aikatan jirgin ruwan dakon kaya ne, masu kai gyaɗa da auduga Turai. Mai rigar nan ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba!"

Wallahi kunya ta kama ni, sannan dariya ta ci ƙarfina. Duk shekarun nan muna raɗa a cikin gidanmu saboda rigar ɗan dako! To amma mu da babban ruwan da muka sani shi ne kogin Kaduna, a ina za mu gane?

Da ya gama tarinsa ya ce akwai wani mutumin Binuwai da ya taɓa aiki a ɗakin tukunyar tururi na masaƙar, ya ishi kowa da labarin teku har aka mai da shi sarkin ƙarya. Ya bar aiki tuni, ya koma noma a Kakau.

Baba ya ce da ƙafarsa za shi. Sai da ya hura gawayi ya sake yi wa kayan guga, ina tsaye ina cika ina batsewa, kafin muka hau motar haya.

Mun tarar da mutumin a gindin mangwaro shi da matarsa suna ɓare masara. Bayan gaisuwa Baba bai yi dogon bayani ba, ya buɗe zanen kawai. Tsohon ya miƙe, masarar cinyarsa ta zube. Ya kai hannu ya shafa maɓallan rigar. Ya ce tasa ce, hutu ya zo wurin ɗan'uwansa a Kakuri rikici ya rutsa da shi, ya gudu gida, aikin jirgi ya wuce shi. Da ya dawo Kaduna tsoro ya hana shi tambayar mai wanki, domin ya san mutanen nan za su ɗauka kakin soja ne, ya tabbata an ƙone.

Ya saka rigar, maɓalli ya ƙi haɗuwa a kan tumbi. Ya ɗora hular, ya ƙame. Matarsa ta tafa hannu ta ce, "Jama'a! Ashe da gaske kake?" Ta bi maƙwabta gida-gida tana kira su zo su gani. Kafin ka ce me, gindin mangwaro ya cika, ana shewa, shi kuma yana nuna yadda ake tafiya a kan jirgi in teku ya yi fushi.

Baba ya kama hannunsa ya ce, "Ka yafe min jinkiri, don Allah."

"Ni zan yafe maka, Malam?" Da na gaya masa abin da ya kawo mu, ya ce, "Jidda za ku sauka? Jirginmu ya sha tsayawa can. In ka je, ka gaishe min da teku."

Baba ya tafi Makka, ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Ya dawo da dabino da zamzam, kowa ya samu. Amma akwai wata 'yar kwalba da ya hana kowa taɓawa, sai da muka koma Kakau. Ashe suna jiran jirgi a Jidda ya addabi mutane sai da aka kai shi bakin teku ya ɗebo ruwansa.

Matar ce ta fara ɗanɗanawa, ta tofar tana ihu wai Alhaji zai kashe ta da gishiri. Tsohon ya zuba kaɗan a tafin hannunsa ya lasa. Yana dariya hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Shi ne, Alhaji. Wallahi shi ne."