Kofin Zoɓon Kaka

Ran Alhamis na shiga wani kanti a unguwar Najma ta Doha neman barkono, sai ƙamshin busasshen zoɓo ya tare ni daga bakin wani buhu. Na ɗebi kaɗan na shinshina, sai ga ni a tsakar gidanmu, ina 'yar shekara tara, Kaka tana tace zoɓo da farin ƙyalle.

Ka san a ƙauyenmu babu ruwan inabi. Da zoɓo ake Jibin Ubangiji, kuma Kaka ce mai dafa shi tun kafin a haifi babana. Ita ke ajiye kofin ma, wani tsohon kofin ƙarfe mai lotsattsen gefe, a naɗe cikin tsumma a ƙasan akwatinta. Ɗaya ne tak. Fasto ya miƙa maka ka kurɓa, ya goge bakin, ya miƙa wa na kusa da kai.

Ƙabilu biyu ne a majami'armu, mu mutanen tudu da mutanen kwari. Yarenmu daban, nasu daban, Hausa ce ke haɗa mu a sujada. Wata damina rikici ya tashi a kan fadama, aka ƙona rumbuna, har da na Kaka, kuma kowa ya san ɗan wani dattijon kwari ne ya cinna wutar. Shekarar nan rama da tafasa muka yi ta ci har sabon gero ya nuna.

Daga nan majami'a ta rabu biyu, mu dama, su hagu. Zumuntan mata ma suka daina haɗuwa. Mazan tudu har sun fara buga tubali don gina tasu majami'ar, suna cewa ba za su sa baki inda mutumin kwari ya sa ba. Dattawan ikilisiya suka zauna suka ce a sayo kofi na biyu. Fasto bai so ba, amma ya ce gara kofi biyu da majami'a biyu. Aka kawo wa Kaka sabon kofi yana ta ƙyalli, ta karɓa ta tafi da shi gida.

Ran Lahadi aka yaye mayafin tebur, tsohon kofin ne kaɗai a wurin. Fasto ya sunkuya ya tambaye ta a hankali ina sabon. Kaka kuwa ba ta iya raɗa ba, ta ce kajinta na shan ruwa da shi. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Aka yi addu'a, aka yi kira a zo a sha, ba wanda ya motsa. Sai ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Kaka ta miƙe da ciwon gwiwarta, ta tsallaka ɓangaren hagu, ta tsaya gaban dattijon nan, uban wanda ya ƙona mata rumbu. Ta kama hannunsa ta ce, "Baba, taso ka fara sha, ni in bi bayanka. Rumbuna aka ƙona. In ni na sha, wa ke da bakin ƙi?"

Ya taso ya sha, har zoɓon ya ɗiga a farar rigarsa. Kaka ta hana fasto goge kofin, ta sha. Sai babana ya tashi, sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Gida biyu sun fice, ba zan ɓoye maka ba. Amma tubalin nan ruwa ne ya cinye shi a inda aka jera.

Yanzu shekarata shida a Doha ina aikin shara a wani ofis, kuma na gode Allah. Ran Juma'a muke sujada, da Filifinawa da Indiyawa da mu 'yan Afirka, kowa da layinsa, kowa da ɗan kofinsa na roba. Akwai wata abokiyar aikina, 'yar nahiyar Asiya, majami'armu ɗaya, masaukinmu ɗaya a unguwar Al Rayyan. Na lura duk kofin da na sha da shi sai ta sake wankewa. Abin ya ci min rai, wata takwas ina kauce mata lokacin gaisuwar salama.

Na sayi zoɓon nan, na dafa da citta. Washegari bayan sujada na same ta a inuwa tana jiran mota, na zuba a kofina na miƙa mata. Ta kalli kofin, ta kalle ni, ta kurɓa, ta yamutsa fuska don tsami. Na karɓa na sha ban goge ba. Sai ta miƙo hannu, ta ce in ƙaro mata.