Kunyar 'Yar Fari a Aji Biyu

Yarinyar ita ce 'yar farina. A Darki inda na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, kuma in ana maganarsa sai ta yi kamar ba da ita ake ba. Haka na ga innata tana yi wa yayanmu, haka ni ma na yi da aka kawo ni Wudil na haihu. In zan kira ta, "ke" nake cewa. Tun da aka yaye ta ma a ɗakin surukata take kwana, wadda muke ce wa Hajiya.

Babanta ne ya sa ta a makarantar da ake karatu da harshe biyu, Turanci da safe, Larabci bayan an dawo tara. Shi ba mazauni ba ne, shanu yake rakawa kudu daga kara, kasuwar shanu. Ni kuma a aji huɗu na tsaya. Hausa ina haɗa ta a hankali, Turanci kuwa sai dai in kalla.

Akwai wani ɗan littafi da suke sa wa kowane yaro a jaka, malama ta rubuta saƙo, iyaye su sa hannu. In ba kowa a tsakar gida nakan buɗe jakar in sa hannun. Ban san abin da ke ciki ba, amma na ga yadda jan biron yake ƙaruwa. A zangon farko layi ɗaya ne. A zango na uku har yana cin rabin shafi.

Saura mako guda a yi hutu aka aiko da takarda, wannan karon da Hausa a ƙasa. Ranar Alhamis za a ba da sakamako, kuma na yarinyar ba za a ba kowa ba sai uwa ko uba. A da Hajiya ce take karɓowa. A ranar ina madafa na ji yarinyar tana gaya wa kakarta cewa an ce wasu za su maimaita aji, ita in aka bar ta a baya ba za ta ƙara zuwa ba. Miyar ranar gishiri biyu na zuba mata.

Na kira babanta, yana hanya. Ya ce, "Ki je mana, ai ba cinye ki za su yi ba. Hajiya ta raka ki."

Hajiya tana ɗaura ɗankwali tana cewa, "Mun ga zamani. Uwa za ta karɓo takardar 'yar fari. To mu je, in ji laifin da ƙawata ta yi musu."

Mun tarar an liƙa takardu masu launi a bango, yara suna waƙa a fili, iyaye kuma an jera mu a kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Malamar Turanci, wadda yaran ke ce wa Anti, ba 'yar nan ba ce. Hausarta da gargada, amma tana ƙoƙari. Da layi ya zo kanmu ta gaishe da Hajiya har da rusunawa, sannan ta dube ni.

"Mama, sunan 'yarki?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ce ta faɗa. Anti ta ɗan tsaya tana kallona kafin ta zaro katin.

"Kina duba mata aikin gida?"

"Tana wajen kakarta."

"Tana ba ki labarin aji?"

"Ban cika tambaya ba."

"Kin san abin da yake damunta?"

"Ban sani ba."

Duk amsoshin nan a gidanmu su ne daidai, har na ga Hajiya tana gyaɗa kai. Amma fuskar Anti rufewa take yi. Ta ce a Larabci yarinyar ta ci, malamin ma yabonta yake. In an ce a kwafa daga allo, rubutunta ya fi na kowa tsabta. Amma shifta ba ta samun ko ɗaya, kuma in aka yi tambaya sai ta yi zuru.

"Ina magana, ita tana juya kai tana kallon 'yan baya. Sai na kira ta sau uku. Na rubuta muku, na rubuta, hannu kawai ake sawa. Tunda babu mai taimaka mata a gida, gara ta maimaita."

Ta rubuta a katin, ta ɗora shi a kan waɗanda za a kai wa shugabar makaranta ta buga hatimi.

Hajiya ta ce, "Taurin kai ne, na gado. Ubanta ma sai an kira shi sau goma."

Ni kuwa bencin da Anti ta nuna mana a matsayin na yarinyar nake kallo. Can jikin bangon dama yake, kusa da taga, kuma a bayan tagar akwai injin markaɗe yana ta aiki. Wanda ya zauna a nan, kunnen hagu ne yake fuskantar malama.

Tana shekara uku ta yi zazzaɓi, kunnen nan na hagu ya yi ta zubar da ruwa, ya daina da kansa. Tun daga lokacin nake lura. In babanta ya bugo waya, kullum a dama take karawa, ko an miƙa mata ta hagu sai ta sauya. In za su fita da Hajiya, sai ta zagaya ta koma hagun Hajiya. In ta kwanta a kan kunnen dama, ko kwano ne ya faɗi ba ta motsi. Shekara huɗu ina ganin wannan ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, an san ke nan ina zaune ina kallonta.

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi. Matar da ke bayanmu har ta matso da nata yaron. Na tashi, amma ban bi ta ba. Ina kallon siminti na ce, "Anti, kunnenta na hagu ba ya ji."

"Me kika ce, Mama?"

Na maimaita. Da na fara kuma sai na kasa tsayawa. Na faɗi na wayar, na faɗi na kwanciyar. Na ce ba 'yan baya take kallo ba, kunnen mai ji take juyo mata da shi. Na ce Larabcin ai gaba ɗaya ajin suke karantawa da ƙarfi, ni ma ina jiyo su in na wuce, shi ya sa take kamawa. Ban kalli inda Hajiya take ba ko sau ɗaya.

Anti ta aika aka kira yarinyar daga wajen waƙa. Ta tsaya a bayanta ta hagu ta yi magana ƙasa-ƙasa. Yarinyar tana ta wasa da bakin hijabinta. Anti ta koma dama ta sake, nan take yarinyar ta waiwayo. Sai ta ba ta biro, ta tsaya ta dama, ta faɗi kalma biyar. Yarinyar ta samu huɗu.

Anti ta zare katin daga cikin sauran ta fita. Mun yi zaman da ya kai na dafa shinkafa. Da ta dawo ta ce shugaba ta yarda yarinyar ta shiga aji uku, amma gwaji ne na zango ɗaya, in ba ta kamo ba za a dawo da ita. Za a sa ta a bencin gaba ta hagu. Mu kuma mu kai ta asibiti cikin hutun nan, mu kawo takardar likita.

"Amma Mama, me ya hana ki faɗa tun farko?"

Hajiya ce ta amsa. "'Yar fari ce."

Anti ta dube ta, ta dube ni.

"Bari kawai, 'yata," in ji Hajiya. "Abin namu ne."

Anti ba ta ja ba. Ta karɓi lambata, ta ce daga yanzu ba za ta rubuta mini Turanci ba, za ta riƙa turo magana ta waya da Hausarta, in na yi dariya ita ba ruwanta.

Muka hau adaidaita sahu. Yarinyar tana tsakiyarmu riƙe da katin, ni kuwa ina tunanin abin da za a gaya wa innata a Darki. Sai da muka wuce masu tukwane Hajiya ta yi gyaran murya.

"Ashe duk shekarun nan ta ƙasan mayafi kike zuba mata ido."

Na gyara mayafin.

"Ni da nake kwana da ita ban gani ba." Sannan ta ce, "Litinin da sassafe za mu asibitin. Ni zan riƙe mata hannu. Ke ki biyo mu a baya, in likita ya yi tambaya ki amsa."