Kilishin da na kai wa shirwar Indiya

Wata Asabar cikin sanyin 1973 na saci kilishin Inna na kai wa tsuntsu. Shi ne ragowar tsarabar da muka taho da ita daga Katsina, tana ɓoye shi a gwangwanin madara kamar zinariya.

Shekarata goma sha uku, watanmu biyu a ƙasar waje, a unguwar Bronx. Baba direba ne a ofishin jakadanci, sai dare muke ganinsa. A makaranta Turancina bai wuce na gaisuwa ba, in na buɗe baki ajin kan yi dariyar da na rantse ana jin ta har Kano. Saboda haka kowace Asabar nakan taka zuwa gidan namun daji. Can na ga wata tsuntsuwa a keji ita kaɗai, jiki ja kamar ƙasar gini, kai da ƙirji fari tas kamar ta yi rawani, baki a lanƙwashe. Nan take na yanke cewa shirwar garinmu ce, irin wadda muke jefa wa tsoka sama ranar layya ta cafe kafin ta faɗo. Inna kan ce, "Kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa." Ni ba ni da ko aboki, me zan gudar?

Na tura mata kilishin ta ragar. Ta dube shi, ta dube ni, ta juya baya. Na ce baƙunta ce. Wata huɗu ina kai mata ƙarar 'yan ajinmu da Hausa.

Ranar da Turancina ya kai in karanta allon kejin, sai da na zauna. 'Yar Indiya ce. A bakin teku da koguna take zama, kifi da ƙaguwa take ci, a kan doguwar bishiya take sheƙa, ƙwai biyu take yi. Ashe ko kalma ɗaya ba ta ji.

Duk da haka ban daina zuwa ba, don ita kaɗai ce ba ta taɓa yi mini dariya ba.

Yanzu unguwar ko'ina Hausa ake yi, har kilishi ana sayarwa, amma ban ƙara samun mai saurarona haka ba. Da bazarar da ta biyo bayan wancan sanyin aka kawo mata namiji, suka shiga tara ƙiraren sheƙa. Ba ta sake kallon inda nake ba.