Kwalbatin Hanyar Gonarmu

Lissafi na karanta, ɓangaren da ake sa kwamfuta ta lalubo amsar da alƙalami ya kasa fitarwa, a yi ta matsawa kusa da ita har kuskuren ya zama ɗan kaɗan. Aikina a jami'a shi ne lissafin tafiyar ruwa, inda zai bi da irin ƙarfin da zai zo da shi. A ƙauyenmu da ke ƙasar Kebbe kuwa, abin da aka sani kawai shi ne ana ce mini Dakta amma ba na yin allura.

Wata shekara da rani na zo hutu, na tarar ana gina kwalbati a rafin da ya raba gari da gonaki. Da na duba, raina bai kwanta ba. Na auna faɗin rafin da gangarensa, na nemo bayanan ruwan sama na shekarun baya, na ɗora a kwamfuta. Duk yadda na juya, amsar ɗaya ce: bakin kwalbatin ya yi ƙanƙanta.

Na hau mashin har Tambuwal wurin ɗan kwangilar, wanda muka yi firamare tare. Ya sa aka kawo mini lemo, yana saurare yana latsa waya. Da na gama yi masa bayani ya tambaya ko na tabbata kwalbatin za ta karye. Na gaya masa gaskiya, cewa a aikinmu ba a cewa tabbas, amma haɗarin babba ne.

"To Dakta, kai ma ba ka tabbata ba, ni mi zan yi?" Ya raka ni bakin ƙofa yana dariya.

Daminar farko kwalbatin ta tsaya, aka yi ta tsokanata a majalisa. A ta biyu ruwa ya taru a bayanta, ya kwanta a gonar Yayana har geron ya ruɓe, sannan ya ɓalle kwalbatin.

Na zo jaje. Yaya yana zaune a zaure, ko ɗago kai bai yi ba da na gaishe shi. Can ya ce, "Tun ranar da ka zo kaka yi mata baki. Ga shi nan, bakinka ya kama."

Ba shi kaɗai ba, haka maganar ta zagaya gari. Har Inna ta ja ni gefe ta roƙe ni in riƙa faɗin alheri.

Ɗan kwangilar nan dai aka sake ba aikin gyara, ya mayar da ita yadda take. Da na je da sallah na bi ta kanta zuwa gona, ban ce wa kowa komai ba.