Gonar shugaba ce ta ƙarshe

Ɗazu ina tsaka da mita ruwa ya jiƙa min shanya a nan unguwar Cheras, inda nake zaune a ƙasar waje, sai ga kiran bidiyo daga Baba. Na juya masa wayar ya ga yadda kwalbati ke ambaliya. Ya ƙura wa ruwan ido.

A gida damina ta yi gardama. Kowane ƙauye da ke shan ruwan dam ɗinmu yana zaɓen mutum ɗaya ya shiga kwamitin rabon ruwa, su kuma bana suka sake ɗora Baba a shugabanci. Albasarsa na bayansa, duk ta yi yaushi.

Na ce, "Haba Baba, makullin dam ɗin fa yana hannunka. Ka buɗe wa gonarka mana."

Ya ce, "Uwata, mai rabo shi ke sha ƙarshe. Ranar da na sha farko, kwamiti ya mutu."

Can ya ce, "Kar ki juya wayar tukuna, bari in ƙara kallo."

Haka na riƙe masa har hannuna ya sage. Shanyar ma na manta da ita.

Jama'a, ku sa albasar Baba a addu'a. Ku a garinku, wa ke sha ƙarshe?