Gyaran Saminu Mai Gas

Duk wanda ya taɓa kai tukunyar gas ɗinsa Maƙarfi ya san Saminu, Allah ya jiƙansa. Rumfarsa ta kwano ce a bakin titi, ga sikeli a ƙasa, ga shi kansa a tsaye yana dariya tun kafin ka gama sallama. Ɗan Nasarawan Doya ne. Ya yi noman rake, ya yi acaɓa har ya samu karaya a ƙafa, sannan wani ɗan'uwa ya koya masa sayar da gas, nan ya zauna.

Aikinsa a fili yake yin sa. Sai ya ɗora tukunya a sikeli ba komai a cikinta, ya ce wa mai ita, "Zo ka gani da idonka." Ya faɗi kuɗin kilo na ranar, ya maƙala tiyo, lamba ta riƙa hawa. In wani ya ce yaushe iska ta yi nauyi, sai ya miƙa masa tukunyar ya ce, "Ɗauka da hannu ɗaya ka ba ni labari." Abu guda ne ba ya yi ko wa ya roƙe shi: ba ya cika tukunya har wuya. Yakan ce a bar mata wurin numfashi, domin in rana ta buge ta abin da ke ciki kumbura yake yi.

Wannan ne ya haɗa shi da Inna Azumi, ƙanwar mahaifiyarsa da ta raine shi. Ƙosai take toyawa tun yana goye, har hayaƙi ya cinye mata idanu. A asibiti aka gaya mata in ba ta rabu da itace ba, ganin zai tafi. Saminu ya saya mata tukunya da risho, ya yi ta lallashi har ta yarda.

Ranar kasuwa ta zo ɗurin farko, rumfa cike da mutane. Ya auna mata, ya cire tiyo. Ta tsaya tana kallonsa.

"To, gyara fa?"

"Inna, gas ba a yi masa gyara. In na ƙara, haɗari ne."

"Mai gero ya yi min gyara, mai manja ya yi, sai kai da na goya? Ɗan nan, yaushe ka koyi rowa?"

Jama'a suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ita ba ta yi ba. Ta gyara mayafinta, ta bar masa tukunyar ta tafi.

Da ya bi ta gida ya tarar ta koma kan murhu, idanu jawur, hawaye na zuba tana juya ƙosai. Abin ya tsaya masa a rai. Ya durƙusa ya ce, "Inna, in kin cika tukunyar kunu har baki kika ɗora a wuta, me zai faru?"

"Ni za ka koya wa tukunya? Tashi ka ba ni wuri."

Ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Mukarrama ce ta warware masa. Ta ce, "Malam, kai ka ɗauka gas take so? Matar da ba ta taɓa sallamar mai sayen ƙosai ba tare da ta ɗora masa ɗaya ba, ka auna mata cif kamar baƙuwa, a gaban mutane."

Washegari ya saya mazarƙwaila daga masu dafa rake, ya ɗaura tukunyar a babur ya kai mata. Ya ajiye, ya ɗora dunƙule ɗaya a kai, ya ce, "Ga awonki, Inna, ga kuma gyaranki." Ta ɗauka ta juya shi, ta gutsira.

"Ƙarami ne," in ji ta. "Kunna min abin."

Tun daga ranar tasar mazarƙwaila ba ta bar gefen sikelinsa ba. Kowa ya ɗura gas sai ya tafi da dunƙule, har mutanen Likoro da na Saulawa suka daina cewa rumfar Saminu, sai dai wurin mai gyara.

Daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Har yanzu mu da muka zauna a bencinsa in muka zo wucewa sai mu rage tafiya, kamar za mu ji dariyar nan.

Mukarrama ce ta riƙe rumfar. Ranar da Inna Azumi ta fara kawo tukunya bayan rasuwar, hawaye ya rufe wa Mukarrama ido, lamba na ta hawa ba ta lura ba. Tsohuwar ce ta sunkuya ta hango da idonta, ta dafa mata hannu.

"Tsaya haka, 'yar nan. Bar mata wurin numfashi."

Sannan ta sa hannu a tasa, ta zaɓi babban dunƙule.